Bindigar Noti da Sifanar Hannu: Gardamar da Ta Ƙi Ƙarewa a Gareji

Tsakanin Kwanar Ɗangora da Tashar Yari tayata ta baya ta yi faci, wata Asabar da la'asar sakaliya. Ban damu ba, don ina da safaya, ina da jak, ga kuma sifanar taya da ta zo da motar. Noti biyar ne a ƙafar, amma ko ɗaya bai ce zai motsa ba. Na danna da hannu, na taka da ƙafa, na hau kan sifanar gaba ɗayana har ta fara lanƙwashewa. Kwana uku kafin nan na sa sababbin tayoyi a wani shago a Kano, inda wani yaro ya ɗaure su da bindigar iska, trrr, trrr, cikin ƙiftawar ido, ni kuwa ina tsaye ina yaba saurin aikin. Wani yaron babbar mota ne ya cece ni da dogon fayif da ya zura a jikin sifanar. Huɗu suka kwance, na biyar ya karye da kusarsa a ciki. Da noti huɗu na lallaɓa na koma gida.

Ranar Litinin na kai motar wajen bakanikena, dattijon da ya fara aiki tun zamanin da Peugeot 504 ta Kaduna ke mulkin titi. Na tarar da wani tsohon yaronsa ya zo gaisuwa, wanda yanzu yake da garejinsa mai rufin kwano da kwamfiresa da dogon tiyo. Dattijon ya karɓi guntun kusar, ya juya shi a tafin hannunsa, ya miƙa wa baƙon nasa.

"Ga aikin bindigarku nan," in ji shi.

"Haba Baba, bindiga ba ta ɗaure kanta. Wanda ya riƙe ta za ka tambaya."

Daga nan aka ɗora, kuma ban bar garejin ba sai bayan azahar. Gardamar tasu ita ce ake yi a rumfunan kanikawa da yawa, daga Ƙofar Ruwa a Kano zuwa Panteka a Kaduna da Apo a Abuja: mutum ya tara 'yan kuɗi, shin ya ƙaro sifanu da soket masu kyau, ko ya runtse ido ya sayi kwamfiresa da bindiga?

Bindigar dai ba sabuwar aba ba ce, mu ne ta yi wa nisa. Kamfanin Ingersoll Rand na Amurka ya fito da ita kasuwa tun 1934. Iskar da kwamfiresa ta matsa ce ke shiga ta juya wani ɗan inji a cikinta, shi kuma ya juya ƙaramar guduma da ke bugun sandar da soket ke kai, bugu ɗaruruwa har sama da dubu a minti ɗaya. Wato ba murɗawa take yi a hankali kamar hannu ba, duka take yi a kewaye. Shi ya sa ba ta fizge hannun mai riƙe da ita duk da ƙarfin da take fitarwa, shi ya sa kuma take iya girgiɗe tsatsar da ta kama noti.

A kan wannan tsatsa matashin ya fara kafa hujjarsa, kuma hujja ce mai nauyi. Ƙasarmu busasshiya ce, motar da ta yi rayuwarta a Katsina ko Maraɗi ba ta cika ruɓewa ta ƙasa ba. To amma motoci nawa ne suka fara rayuwa a nan? Yawancin abin da ke shiga gareji 'yan Kwatano ne, waɗanda suka shekara goma ko fiye a Turai da Amurka da Kanada, inda ake watsa gishiri a titi lokacin sanyi don narkar da ƙanƙara. Gishirin nan yana cin ƙasan mota. Notin salansa, na shokazoba, babban notin da ke riƙe shaf a tsakiyar ƙafa, duk sukan zo a manne kamar an yi musu walda. Wanda ya taɓa kwance notin fuli na injin Honda ya san zancen: a injina da yawa na kamfanin ana ɗaure shi a kan nuton-mita 245, wato ma'aunin ƙarfin ɗauri, in ya shekara kuma sai ya ƙara kafewa, ga shi injin na juyawa tare da shi duk lokacin da ka murɗa. Kanikawa kan ɓata rabin yini a kansa, wani ya sa giya ya taka birki, wani ya tokare sifana a jikin mota ya buga sitata, dabarar da ta sha fasa abubuwa. Bindiga mai ƙarfi takan fitar da shi kafin a gama sallama.

Ya ce a dubi masu manyan motoci. Ƙafar DAF ko MAN noti goma gare ta, kowanne an ɗaure shi a wajen nuton-mita 600. Da hannu, aikin samari biyu ne ko uku da fayif mai tsawon mutum, ɗaya na riƙe, ɗaya na tsalle a kai. In sifana ta zame, haƙori ne ko gwiwa ko yatsa. Ya nuna mana tabon da ke bayan hannunsa, ya ce a wannan garejin ya same shi yana ɗan shekara goma sha biyar. Ya ce duk tsohon bakanike da ka sani yana fama da ciwon baya ko kafaɗa, kuma ba tsufa kaɗai ya jawo ba. Dattijon bai musa wannan ba, don shi kansa sai ya dafa mota yake miƙewa.

Sai maganar lokaci, wadda ita ce maganar kuɗi. Bakanike ba albashi yake ci ba, abin da ya gama shi ake biyansa. In aikin ƙafa da ke cin awa uku ya koma awa ɗaya, mota uku ke nan a maimakon ɗaya. Direban haya da ya ajiye motarsa yana lissafin kuɗin da zai kai wa mai mota da yamma, ba zai sake dawowa inda aka zaunar da shi yini guda ba. Iskar kuma ba bindiga kaɗai take ci da ita ba: da ita ake hura taya, a busar da kayan da aka wanke, a yi feshin fenti. A ganinsa, garejin da ba shi da iska nan da 'yan shekaru sai dai ya riƙa karɓar aikin da wasu suka raina. In kiɗa ya canza, in ji shi, rawa ma sai ta canza.

Dattijon ya bar shi ya gama. Sannan ya ce shi ba ya jayayya da bindiga wajen kwancewa, wajen ɗauri ne take ɓarna, kuma wanda ya saye ta ba zai iya hana kansa ɗauri da ita ba, balle ya hana yaransa. A nan ni ma na gyara zama, domin abin da ya same ni ke nan.

Alƙaluma suna bayansa. Littafin Toyota ya ce a ɗaure notin tayar Corolla da Camry a kan nuton-mita 103. Na Honda Accord da Civic 108 ne, na Golf 120. Bindigar da aka fi saya, mai bakin rabin inci, tana iya ba da 600, wasu ma su haura 1,000. Ba ta san inda za ta tsaya ba, muddin yatsa na kan kunamarta duka take yi. Kusar taya ƙarfe ce mai ɗan miƙewa, kuma wannan ɗan miƙewar ce ke riƙe ƙafar. In aka ja ta fiye da kima sai ta miƙe miƙewar da ba ta komawa, ta sirance a ciki ba tare da ido ya gani ba. Wata ta karye ranar da aka zo kwancewa, kamar tawa. Wata kuwa sai ta jira rami a kan hanyar Birnin Gwari. Ɗaurin da bai daidaita ba kuma yana iya gurɓata zaman faifan birki, mai mota ya riƙa jin sitiyari na kakkarwa in ya taka, ya yi ta kashe kuɗi a inda ba can ciwon yake ba.

Abin ya fi muni a cikin inji. Motocin yanzu sun cika da alminiyam da roba. Fulogi ana ɗaure shi ne a wajen nuton-mita 20, a cikin kan silinda na alminiyam mai laushi. Notin murfin inji bai ma kai haka ba. In noti ya hau zare a karkace, hannu yakan ji tun juyi na farko cewa abin ya yi tauri ba bisa ƙa'ida ba, sai a koma baya a sake. Bindiga ba ta jin komai, sai ta tura shi a haka ta cinye zaren, aikin naira kaɗan ya koma na sauke kan silinda a kai wa masu gyaran zare. Sauri ya haifi nawa, in ji dattijon.

Ya ƙara da abin da na ga ya fi ci masa rai. Ya ce shi da hannu ya koyi ƙarfe. Ya san lokacin da noti ya zauna, ya san lokacin da yake shirin karyewa, domin kafin ya karye yakan yi wani laushi na yaudara, kamar ya fara sauƙi. Wannan ba a faɗa wa yaro da baki, sai ya karya uku ko huɗu ya sha faɗa sannan hannunsa ya gane. Yaron da aka miƙa wa bindiga a watansa na farko yaushe zai koyi wannan? Zai iya aiki muddin akwai iska. Ran da aka kira shi mota ta mutu a daji, ya hau acaɓa da 'yar jakar sifanu, sai ido.

Daga nan ya shiga lissafi, kuma a nan ne hujjar matashin ta fara tangaɗi. Bindiga ita ce mafi araha a cikin kayan. Tana buƙatar iska mai matsin da ya kai bar shida, kuma ba matsin kaɗai ba, har da yawa. 'Yar kwamfiresar mai faci tana iya hura taya, amma bindiga za ta zuƙe tankinta a noti biyu, sai a tsaya jira. Ana buƙatar babban tanki da tiyo mai faɗi, don siririn tiyo yakan shaƙe ta ta rasa rabin ƙarfinta. Ana buƙatar soket nata na musamman, baƙaƙen nan masu kauri, domin masu ƙyalli na hannu sukan tsage a ƙarƙashin dukanta, ɓaraguzan su yi ido. Kullum sai an ɗiga mata mai ta bakin iska. Kullum sai an buɗe ƙasan tanki an zubar da ruwan da ya taru, in ba haka ba ruwan ya bi tiyo ya ci cikin bindigar, tankin kuma ya riƙa tsatsa ta ciki, alhali tankin da ya ruɓe da iska a matse a cikinsa ba abin zama kusa da shi ba ne. Ƙurar hunturu kuwa ba ta barin matatar iska ta yi kwana biyu da tsabta.

Duk wannan kafin a zo kan wuta. Gareji nawa ne ke da layin NEPA da za a dogara da shi? Wanda ke layin da ake kira Band A ya ga kuɗin wuta ya koma naira 225 kowane yunit a Afrilun 2024. Wanda ba ya kai sai janareta, kuma ƙaramin janareta ba ya tayar da babbar kwamfiresa. Tun da aka janye tallafin fetur ranar 29 ga Mayun 2023, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Sifana kuwa ba ta shan mai. Ta dattijon mai lamba 17, wadda ya ce da ita ya fara aiki, har yanzu tana nan, bakinta bai buɗe ba. Ban da ƙara: bindigar iska takan wuce desibel 100, alhali daga 85 kunne ke fara cutuwa in an daɗe, kuma ban taɓa ganin bakaniken da ya toshe kunnensa a garejinmu ba.

Matashin ya ce ai an wuce nan. Yanzu akwai mai batir, ba tiyo ba kwamfiresa, a yi mata caji da faifan sola, a sa ta a jaka a hau acaɓa da ita. Gaskiya ne, kuma ina ganin wannan ce za ta yanke gardamar iska nan gaba kaɗan, musamman ga ƙananan gareji. Masu kyau irin su Makita da Milwaukee da DeWalt sun kamo na iska a ƙarfi, Ingco da Total kuma sun cika kasuwanninmu a farashin da ya fi sauƙi. Amma dattijon ya tambaye shi batir nawa ya canza, sai ya yi dariya bai amsa ba. Batirin litiyam ba ya son zafi, ga shi a rana ake aikin. Farashinsa dala yake bi. Jabu kuma ya yi yawa, kwali ya ce 1,000, aiki ya ce ƙarya ne. Araha ba ta ado. Kuma mai batir ma ba ta san 103 ba.

Ina zaune ina saurarensu sai na lura da cewa su biyun sun yarda da abu ɗaya ba tare da sun faɗa ba: wai in aka ɗaure da hannu an tsira. Ni ban yarda ba. Na sha ganin yaran dattijon nan suna gama ɗaure taya da sifana, sannan su zura fayif su hau su yi tsalle biyu "don kada ta kwance". Yaro mai kilo 60 in ya tsaya a ƙarshen fayif mai tsawon mita ɗaya, ya ba notin kusan nuton-mita 600, ko bai yi tsalle ba. Ke nan abin da bindiga ta yi wa tayata, ƙafar yaro ma tana yin sa, a hankali kawai. Mun gaji wani tunani cewa ɗauri in ya fi tsanani ya fi aminci, kuma mu masu motoci muna cikin masu ƙarfafa shi. Sau nawa muka ce wa yaro ya ƙara matsewa, tafiya ce mai nisa?

Kayan aikin da ke raba wannan gardama shi ne wanda ba a cika ambata ba, wato sifanar awo. Ana saita ta a kan lambar da kamfani ya faɗa, a ja a hankali, in ta kai sai ta yi ƙas, a tsaya. Ba ta shan mai, ba ta son wuta, kuɗinta bai kama ƙafar na kwamfiresa ba. Abin da take nema kaɗan ne: kada a kwance noti da ita, kada a yar da ita ƙasa, a sassauta ta zuwa ƙaramar lamba in an gama, a riƙa gwada ta lokaci-lokaci. A gareji mai tsari, aikin taya yana tafiya ne haka: a kwance da bindiga, a ɗora noti da yatsu juyi uku ko huɗu, a matso da shi a hankali, a sauke mota, a ƙarasa da sifanar awo ana tsallake noti ɗaya-ɗaya har a zagaye. Bindiga ta yi nata, hannu ya yi nasa.

A kan silinda ma abin ya wuce ra'ayi. Injina da yawa na yanzu ana ɗaure kusoshin kansu ne mataki-mataki, bisa jeri, zuwa wata lamba, sannan a ƙara juyi na awo, misali digiri 90. Wasu kusoshin an ƙera su ne don su miƙe sau ɗaya, ba a maimaita su. Hannun da ya fi kowane hannu ƙwarewa ba zai iya daidaita kusa goma a kan lamba ɗaya ba. Ina zargin yawancin gasket da ke sake ƙonewa bayan wata biyu, waɗanda ake ɗora wa laifin jabun kaya ko zafin Arewa, daga nan ciwonsu yake.

Don haka in bakanike ya tambaye ni me zai fara saya, ba zan ce bindiga ba, ba kuma zan ce ya zauna a kan sifanun gado ba. Sifanar awo tukuna, da soket masu baki shida waɗanda ba sa cinye kan noti, da doguwar sanda ta gaskiya a madadin fayif. Bindiga ta biyo baya gwargwadon irin aikinsa: mai manyan motoci da mai shagon taya ba su da dalilin jinkiri, mai aikin lantarki da gyaran inji na iya shekara bai nemi ta ba. Inda nake tare da dattijon ɗari bisa ɗari shi ne kan yara. Kada yaro ya taɓa kunamar bindiga sai hannunsa ya san ƙarfe. Inda nake tare da matashin shi ne cewa wahala ba ita ce ƙwarewa ba, kuma ba dole sai yaro ya rasa haƙori kafin a kira shi bakanike ba. Sai dai kuma duk wannan kuɗi ne, mu kuwa da ke biyan dubu ɗari a kan kayan gyara ba gardama, mu ne ke tsayawa ciniki a kan kuɗin aikin hannu kamar muna sayen tumatir. Daga wannan ɗan abin da muke miƙawa ake so a sayi kayan aikin.

Bayan mako guda na koma da sifanar awo da na saya, da niyyar in riƙa ajiye ta a but. Na yi sa'a matashin ya sake leƙowa. Na roƙi dattijon ya kwance ƙafa ɗaya ya ɗaure da hannunsa yadda ya saba, ba fayif, sannan na saita 103 na bi notin ɗaya bayan ɗaya. Biyu sun ɗan juya kafin ta yi ƙas, wato ba su kai ba. Uku ta yi ƙas ba su motsa ba, wato sun kai ko sun wuce, kuma ba ta faɗin da nawa suka wuce. Dattijon ya ce uku cikin biyar ai ba laifi ga mai shekarunsa. Matashin ya fara dariya, sai na tambaye shi ina tasa.

"Wallahi Alhaji ina da ita. Tana gida a kwalinta. In na kawo ta gareji yara za su kwance salansa da ita."

Dattijon ya karɓi tawa, ya murɗa gindinta yana kallon lambobin suna hawa, ya matso da ita kusa da idonsa. Ya tambaye ni nawa na saya, na faɗa masa, ya girgiza kai. Can ya ce akwai wata Sienna da zai ɗora wa kan silinda jibi, in ba zan yi tafiya ba in bar masa ita zuwa Juma'a.